Tsiron da ke Gusar da Hankali: Darasi a kan Laimar Kwaɗi da Zaƙami

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya sanya shi madogarar umurni da hani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi wata tambaya ce da wani saurayi ya yi mana bayan sallar isha'i a damanar da ta wuce. Bai daɗe da dawowa daga wajen haƙar zinariya a arewa ba. Ya miƙo mana salularsa, ya nuna mana waɗansu Turawa suna cin wata irin laimar kwaɗi, suna faɗin wai tana buɗe zuciya, tana yaye baƙin ciki. Sa'an nan ya ce, "Malam, wannan ai ba giya ba ce, ba kuma ƙwaya ba ce. Allah ne Ya fitar da ita daga ƙasa, har likitocin Turai suna bayar da ita. Ina haramcinta?" Ba mu yi masa tsawa ba, domin tambaya ce ta mai neman sani. Kuma wannan hujja tasa ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce muka daɗe muna ji a kan wani tsiro da yake tsaye a bayan gidajenmu nan Damargu, daga Tanut har Balbeji, watau zaƙami. Saboda haka muka ga ya kamata mu haɗa su biyu a darasi ɗaya.

Laimar kwaɗi mai juya hankali

Laimar kwaɗi, wadda waɗansu ke kira naman kaza, kowa ya san ta: takan fito da damana a jikin suri, ko a tsohuwar makwantar shanu, ko a gindin ruɓaɓɓen icce. Masana sun ce ita ba ma tsiro ba ce na haƙiƙa, dangin fumfuna ce. Irinta dubbai ne. Akwai waɗanda ake ci, akwai masu kisa, akwai kuma waɗansu da ke ɗauke da wani sinadari mai suna silosibin, wanda shi ne yake juya hankali.

Asalin hukuncin naman kaza halal ne. Hasali ma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Zaidu (R.A.) yabon da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa kam'a, wata danginta ce da ke girma a ƙarƙashin rairayin hamada bayan ruwan sama, kuma har gobe Larabawa da mutanen Sahara suna cin ta. Amma kam'a abinci ce, ba ta taɓa hankalin mai cin ta. Wanda ya jawo wannan hadisi domin ya halatta mai juya hankali, ya yi kamar wanda ya halatta giya da hujjar cewa inabi halal ne.

Yadda wannan abu ya bazu a duniya akwai abin lura a cikinsa. Wata ƙabila ce a tsaunukan ƙasar Meziko, ana ce da su Mazatek, suke amfani da ita a cikin tsafinsu na gado. A shekarar 1955 wani ma'aikacin banki daga Amurka mai suna Gordon Wasson ya je garinsu, wata mai magani da ake kira Mariya Sabina ta ba shi ya ci. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life. A 1958 wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Suwis, Albert Hofmann, ya ware sinadarin da ke cikinta. Daga nan samarin Amurka da na Turai suka yi ta kwarara zuwa wannan ɗan gari, ƴan sanda suka biyo bayansu, mutanen gari suka ɗora wa matar laifin tona asirinsu, har aka ƙone mata gida. Ta mutu a 1985 cikin talauci. A 1971 kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya silosibin a rukunin farko na abubuwan da ake tsananta tsaro a kansu, a yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Biyana.

Wanda ya ci ta, kafin awa guda yakan fara jin tashin zuciya, ƙwayar idonsa ta buɗe, bugun zuciyarsa ya ƙaru, launuka da siffofi su riƙa narkewa a gabansa, lokaci ya rikice masa. Wannan hali yakan ɗauki awa 4 zuwa 6. Wani yakan yi ta dariya. Wani kuwa tsoro ne mai tsanani yake rufe shi, ya ga kamar mutuwa ce ta zo, ko ana farautarsa, ya zabura da gudu bai san inda ya nufa ba. Ba za mu ƙara gishiri ba, domin amanar ilimi ta hana: shi kansa sinadarin ba kasafai yake kisa da dafinsa ba, kuma ba ya kama jiki irin kamun da tramol yake yi. Haɗarinsa ta waɗansu ƙofofi yake shigowa.

Akwai abin da mutum yake aikatawa sa'ad da hankalinsa ba ya tare da shi. A 2007 wata yarinya Bafaranshiya ƴar shekara 17 ta ci ta a birnin Amsterdam, ta faɗo daga wuri mai tsawo ta mutu, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ƙasar Holand, duk da sassaucinta da kowa ya sani, ta hana sayar da ita a ƙarshen 2008. Akwai kuma wanda ciwon tabin hankali yake kwance a jininsa bai sani ba, sai wannan abu ya tayar masa da shi, maye ya wuce amma ciwon ya zauna. Waɗansu kuma sukan yi watanni suna ganin gilmawar haske da inuwoyi a idonsu bayan sun daina. Mafi muni shi ne kuskuren tsinka. Masu kisa da masu sa maye sukan yi kama da juna ga idon da bai ƙware ba. Mai kisar kuwa ba ta nuna kanta da wuri: sai an yi awa 6 ko fiye kafin amai da zawo su fara, sa'an nan mutum ya ji sauƙi kwana ɗaya har a ce ya warke, alhali hantarsa tana lalacewa. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi, shanya ma ba ta kashe shi.

Wanda yake a bayan gidanmu

Laimar kwaɗin Meziko ta salula take iso mana. Zaƙami kuwa ba ya bukatar salula. Ga shi nan a juji, a kufai, a bakin tabki, da farin furensa mai kamar kakaki, da ƴaƴansa masu ƙaya cike da iri. Kakanninmu ba su ɓoye halinsa ba da suka raɗa masa suna haukata-yaro. Waɗansu na ce masa babba-juji, ƴan'uwanmu Zabarmawa na ce masa sobi-lobi, likitoci kuwa da Larabawa suna kiransa datura. Idan aka auna su biyu a ma'aunin haɗari, zaƙami ya rinjayi laimar kwaɗi nesa ba kusa ba, domin shi da dafinsa yake kisa.

A cikin ganyensa da furensa da saiwarsa, musamman ma irinsa, akwai sinadaran atirofin da sikofolamin. Aikinsu shi ne su toshe saƙon da jijiyoyi ke aikawa zuwa ga gaɓoɓi. Sai yawu ya ƙafe har mutum ya kasa haɗiya, gumi ya tsaya, fata ta yi zafi ta bushe, ƙwayar ido ta buɗe har haske ya dame shi, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sa'an nan sambatu ya biyo baya: yana magana da mutanen da babu su, yana tsintar abin da babu a jikin tufafinsa ko a iska, yana tuɓe riga a gaban surukai. Mai laimar kwaɗi sau da yawa ya san abin da ya ci ne yake ruɗa masa ido. Mai zaƙami bai san komai ba, abin da yake gani shi ne gaskiya a wurinsa, kuma idan ya farfaɗo bayan kwana ɗaya ko biyu ba ya tuna abin da ya yi.

Ku dubi tsayawar gumi, ku dubi ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Tanut yakan haura 40 a ma'auni. Gumi shi ne randar da Allah Ya sanya wa jiki domin ya huce. Yaron da zaƙami ya tsayar wa gumi, sa'an nan ya fita yana yawo a rana bai san kansa ba, jikinsa yana iya yin zafin da zai kai shi ga farfaɗiya da suma da mutuwa. Ga rijiyoyinmu masu zurfi a buɗe, ga manyan motoci a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas. Idan kuma ya haɗa da tramol, wanda shi kansa yana jawo farfaɗiya, to an tara wuta da kara.

Babban abin da muke so ku riƙe shi ne, zaƙami ba shi da awo. Ƙarfin dafinsa yana bambanta daga wannan tushe zuwa wancan, daga damana zuwa rani, daga ganye zuwa iri. Abin da wani ya sha jiya ya tashi lafiya, shi ne abokinsa zai sha yau a ɗauke shi a makara. Haka ma laimar kwaɗi, biyu daga wuri ɗaya ba ƙarfinsu ɗaya ba. Don haka duk wanda ya ce muku ya san daidai gwargwado, ko dai maƙaryaci ne, ko kuwa jahili ne wanda bai san ya jahilta ba.

Kuma ba masu neman maye kaɗai yake kamawa ba. A 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, irin wannan tsiro ya gauraya da waken da aka yi garin kunun agaji da shi, ɗaruruwan mutane suka kwanta, biyar suka mutu. Mu da muke aiken yara tsinkar tafasa da yaɗiya idan rumbu ya yi ƙasa, muke kuma sussuka da sheƙa a fili, wannan labari namu ne.

Abin da malamai suka ce

Allah (S.W.T.) Ya haramta giya a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, Ya kuma bayyana dalili: tana jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, tana kange su daga ambaton Allah da salla. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya shigar da kowane abu mai sa maye a cikin sunan giya da hukuncinta. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ummu Salama (R.A.) hani a kan mai sa maye da mai kashe jiki. Ashe ke nan shari'a ba ta dubi ko abin ruwa ne a kwalba ko ganye ne a juji ba. Abin da yake yi wa hankali ta duba. Giya ma ai daga dabino da inabi da hatsi ake yin ta, kuma dukansu Allah ne Ya fitar da su daga ƙasa. Tsare hankali yana cikin abubuwa biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka nuna shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya.

Malamanmu na Malikiyya sun yi wa wannan babi rabo mai kyau. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a shekarar 684 ta Hijira, ya kasa abubuwan da ke gusar da hankali kashi uku a littafinsa Al-Furuƙ. Muskir shi ne mai gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, gaɓoɓin ji da gani suna aiki, kamar giya. Mufsid shi ne mai rikita hankali ba tare da wannan nishaɗi ba. Murƙid kuwa shi ne mai tafiya da hankali da ji da gani gaba ɗaya. Shehu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a 1201 ta Hijira, da ya zo wannan wuri a sharhinsa na Muhtasar Halil, misalin da ya bayar na murƙid shi ne datura, da sunanta. Almajiran da suka yi karatun Muhtasar a zaurukan Damagaram sun bi ta kan wannan kalma, wataƙila da yawansu ba su lura cewa zaƙamin bayan makarantarsu ake nufi ba. Mu kanmu sai da muka girma muka gane.

A ganinmu, bisa abin da ido ya gani, zaƙami yakan fara da aikin mufsid kafin ya kai ga na murƙid. Laimar kwaɗi kuwa ta fi kusa da mufsid, ko da yake nishaɗin da waɗansu masu cin ta ke ba da labari yana iya jan ta zuwa muskir.

Amfanin wannan rabo shi ne, muskir ya keɓanta da hukunci uku: haddi, da najasa, da haramcin kaɗan ɗinsa ko bai bugar ba. Sauran biyun ba najasa ba ne, wanda ganyen zaƙami ya taɓa rigarsa sallarsa ta yi. Babu haddi a kansu, sai dai ladabtarwa gwargwadon ganin shugaba, kuma abin da yake haram daga cikinsu shi ne gwargwadon da ke taɓa hankali. A nan ne mai son zuciya zai yi tsalle ya ce ashe kaɗan ya halatta. Muna tambayarsa, don me kake sha? Idan ba ka son ya taɓa hankalinka, me ya kai ka gare shi? Abin da kake nema shi ne ainihin abin da aka haramta. Sa'an nan mun riga mun nuna cewa babu mai iya sanin inda kaɗan ɗin zaƙami ya tsaya. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara da ta 29 ta Suratun Nisa'i sun hana mutum jefa kansa ga halaka, kuma wannan hani ya isa ko da babu batun maye.

Wanda ya gusar da hankalinsa da gangan, alwalarsa ta warware, kuma sallolin da suka wuce shi suna nan a wuyansa sai ya rama. Abin da ya ɓarnata na mutane zai biya. Ya kuma sani cewa mashhurin mazhaba a kan wanda ya bugu da haram shi ne sakin da ya furta ya auku, gida yana iya mutuwa a daren da mai gidan ba zai ma tuna ba. Amma wanda aka zuba wa a shayi ko kunu ko zoɓo bai sani ba, hukuncinsa hukuncin wanda ya suma ne, babu laifi a kansa. Laifin yana kan wanda ya zuba, ko da ya ce wasa yake yi a fada ko a wajen biki. Idan rai ya salwanta, maganar jini ce.

Batun magani da batun "buɗe ido"

Saurayinmu bai yi ƙarya ba da ya ce likitoci suna bayarwa. Tun watan Yuli na 2023 ƙasar Ostareliya ta yarje wa waɗansu likitocin ƙwaƙwalwa su ba da silosibin ga masu ciwon baƙin ciki mai tsanani wanda ya gagari sauran magunguna, jihar Oregon ta Amurka ma ta buɗe wuraren bayar da shi a ƙarƙashin doka a wannan shekarar. Amma a dubi yadda masu binciken suke yi: awonsa suke yi da miligiram, su tantance mutum tukuna, su mayar da wanda shi ko danginsa na kusa suke da tabin hankali, su zaunar da masu kula a gefensa har abin ya sake shi. Haka atirofin ɗin da ke cikin zaƙami, allurarsa tana asibitocinmu, da ita ake ceton wanda ya sha maganin ƙwarin gona. Malamai sun halatta gusar da hankali domin fiɗa idan lalura ta kama, a hannun masani. Ina wannan, ina yaron da ya tsinko ƴaƴan zaƙami a juji ya jefa a butar shayi? Wannan ma jan kunne ne ga dattawan da ke shaƙar hayaƙin ganyensa saboda fuka: akwai magungunan shaƙa masu awo a likita, su suka fi aminci.

Masu cewa kuwa yana buɗe ido a ga gaibu, ko a kusanci Ubangiji, malamanmu na ɗariƙa da waɗanda ba na ɗariƙa ba duk bakinsu ɗaya a kan cewa ba a neman kusanci ga Allah da abin da Ya hana. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta sanya sanin abin da mutum yake faɗa sharaɗi ne na tsayuwa gaban Ubangiji.

Idan abin ya auku

A nan za mu faɗi kuskurenmu domin wani ya amfana. Shekarun baya an kira mu cikin dare a kan wani yaro ɗan shekara goma sha biyar, an ce aljanu sun buge shi. Muka tarar an ɗaure shi da igiya a ɗaki mai zafi, an turara masa hayaƙi, yana fizge-fizge yana kiran sunayen matattu. Muka zauna muka yi ta karatu a kansa wajen awa guda. Sai da muka ɗora hannu a goshinsa muka ji shi kamar tukunya a murhu, babu ko ɗigon gumi, sa'an nan muka sa aka kira abokansa. Da ƙyar ɗaya ya faɗi abin da suka sha, saboda tsoron duka. Aka ɗora shi a amalanke zuwa likita. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Wannan awa guda da muka ɓata har yau tana damunmu. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya, ana iya yin ta a kan hanya.

Saboda haka idan kuka ga mutum ya rikice farat ɗaya, ku dubi idonsa da bakinsa da fatarsa. Idan ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, ku zaci zaƙami. Ku tambayi abokansa da lallashi, ku ba su amana, domin gaskiyarsu a wannan lokaci ta fi horonsu amfani. Ku kai shi inuwa, ku rage masa tufafi, ku jiƙa masa jiki da ruwa kuna yi masa fifita. Ku kawar da wuƙa da wuta, ku tsare shi daga rijiya da hanya. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi tamau, domin kokawa da igiya tana ƙara masa zafin jiki. Kada a ɗura masa nono ko tsamiya ko mai, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa abin yana iya sarƙe shi ya tafi huhu. Idan ya suma a kwantar da shi a gefensa. A gaggauta kai shi likita mafi kusa, a tafi da ragowar abin da ya sha ko reshen tsiron. Idan ma'aikatan lafiya suka ce a wuce asibitin Tanut ko babban asibitin Damagaram, kada a tsaya shawara. Wanda kuma ya ci laimar kwaɗin da ba a san irinta ba, a kai shi ko da yana cewa lafiyarsa lau, kada a jira amai.

Muna roƙon masu unguwanni da kwamitocin masallatai, da zarar ruwa ya sauka su sa a tumɓuke zaƙamin da ke kewayen makarantun allo da na boko da rijiyoyi da masussuka tun bai yi ƴaƴa ba. A haƙa rami a binne shi, kada a ƙone shi inda mutane za su shaƙi hayaƙin, kada a zuba wa dabbobi, kuma wanda ya tumɓuke ya wanke hannunsa kafin ya taɓa ido ko abinci. Iyaye mata su nuna wa yara shi da sunansa kafin su aike su tsinkar ganye.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu ɗauki batun tramol da hukuncin mai sayar da shi a teburi. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.